Facin da aka yanka daga rigar Baba Sule

A gidanmu na Zangon Kumasi, yara ba su yarda dare ya yi ba sai sun ga Kaka ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da kurfoti, murhun gawayi na ƙarfe. Shekarun nan ne da maza suka ishi kowa da zancen 'yancin kai, kullum suna zaure sun kewaye rediyo suna musu. Mu kuwa ina ruwanmu? Da an sallame isha'i, an kwashe kwanukan tuwo, sai mu tattaru, mu 'yan gida da 'ya'yan 'yan haya, Mosawa da Dagombawa, kowa da irin tasa Hausar. In ana ruwa, mu matsa ƙarƙashin rumfa, kwanon rufi yana ta kwaramniya a samanmu, Kaka ta ɗaga murya. In akwai agade, babbar ayabar nan ta gashi, a ɗora a kan garwashi, a yi ta faɗa a kan wa zai juya.

Kaka ba ta iya zama hannu sake ba. Bakinta yana tatsuniya, hannunta yana ɗinki. A wancan lokaci wani mayafi take haɗawa da guntayen ƙyalle, irin wanda Asantawa ke kira asasawa. Wajen Maame Akosua ta koya, wata Ba'asantiya mai kawo mana gawayi. Ni ake aika wajen telolin kasuwa in roƙo ragowar yadi, ni ce kuma mai zura mata zare a allura, don idonta ya fara gajiya. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ta ce mayafin nawa ne in an gama, ni kuwa na bi gida ɗaki-ɗaki na sanar, har aka fara yi mini dariya.

Sai ta ɗinka ƙananan ƙyallaye su zama fili guda mai kusurwa huɗu, sannan ta haɗa fili da fili. Duk launi akwai, ja da ɗorawa da tsanwa, amma na tsakiya daban yake. Baƙin saƙi ne, bai fi faɗin faifai ba, ya tsufa har ya yi laushi. Ragowar zanen mahaifiyarta ne, wanda ta ɗaura mata ranar da ta baro ƙasar Katsina tana yarinya, ta biyo ayarin fatake. Ba su sake ganin juna ba. Zanen ya yi goyo, ya yi shimfiɗa, ya yi ta ƙarewa, har abin da ya saura ke nan. In ta zo kansa takan shafa shi da tafin hannu kafin ta wuce.

To, akwai Baba Sule, ƙanin mahaifina, autan Kaka. Saurayi ne ɗan gayu, da ɗan gemunsa mai tsini da yake ta lallaɓawa. Yana da wata riga shuɗiya da yake ji da ita, ta Juma'a, ta sha wanki da bugu amma in ya sa ta sai ka rantse shi ya gina Kumasi. A shekarar aka yarda ya kai goro arewa shi kaɗai, karo na farko, ba a ƙarƙashin kowa ba. Kansa ya yi zafi da shiri.

Ranar da goronsa ya iso, rana ta buɗe sosai, ganyen rufe goro kuma ya kasa. Duk ɗan gidan goro ya san in ya bushe an shiga uku. Baba Sule ya waiga, ya ga tarin ƙyalle a kan tabarma a inuwa, Kaka ta shiga salla. Ya sura, ya tsoma a ruwa, ya lulluɓe kwando, ya ɗaure tam da igiya, ya tura cikin ɗakin ajiya. Aka yi ta neman mayafi, har aka fara zargin akuyar maƙwabta. Shi yana can tashar lori yana cinikin mota, bai ma san ana yi ba.

Sai bayan kwanaki, da aka zo tsintar goro, aka gano. Ruwan goro ya rina shi, fumfuna ta hau. Sabbin ƙyallayen da aka wanke sun dawo, sai ɗan tabo nan da can. Amma saƙin, ina! Daidai kansa igiya ta bi. Ya ruɓe ta gefe ɗaya, ya tsage har tsakiya, ana taɓawa yana zuba. Maame Akosua ta sauke buhun gawayinta ta ɗora hannu a ka, tana yi wa Kaka sannu da yarensu.

"Kafra, Maame, kafra! Wannan yaro ya kashe mu."

Da Baba Sule ya yi shiru, da ta zo da sauƙi. Sai ya buɗe baki ya ce, "Wallahi Inna, na zaci tsumma ne."

Kaka ta dube shi, ta naɗe mayafin, ta sa a ƙasan adaka. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Amma daga ranar in ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta kau da kai. Kujerarta kuma ba ta sake zuwa bakin wuta ba. Mukan taru mu yi tsuru-tsuru, garwashi ya mutu, kowa ya watse. Ni abin ya dame ni ƙwarai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Wanda ya fi kowa shiga damuwa shi ne mai laifin. Ranar tashin lori tana matsowa, kuma a gidanmu ba a taɓa jin wanda ya ɗauki hanyar arewa ba tare da uwarsa ta dafa kansa ta sa masa albarka ba. Hanyar nan ba wasa ba ce, ga kogi a tsallaka, ga daji. Mahaifina ya ce masa, "In ba ta sake ka ba, ba inda za ka. Goron ya ruɓe a nan." Ya rame a tsaye, ko gemun ya daina gyarawa.

Ya yi dabara irin ta samari. Ya je kasuwa ya sayo atamfa sabuwa dal, mai manyan jajayen furanni, ya ajiye a gabanta. Kaka ta murza bakin atamfar da yatsu biyu ta tura masa abarsa.

"Uwata, gaya wa mai kayan nan sabon ƙyalle ba ya zama da tsoho. Wankin farko zai tsuke, ya ja ɗan abin da ya rage ya ƙarasa shi."

Ni kuwa na juya na maimaita masa tiryan-tiryan, kamar ba a gabansa aka faɗa ba.

Ana jibi tafiya, da daddare, sai muka ji ƙarar jan kujera. Kai, zo ka ga gudu! Kaka ta fito da mayafin da fitilar ƙwai da reza. Baba Sule yana jingine a ƙofar zaure, wai yana sauraron rediyo. Ta shimfiɗa mayafin a cinya, ta fara warware ɗinkin da ke kewaye da saƙin, zare ɗaya-ɗaya, ba ta ja, sai ta yanke ta zare da bakin allura.

"To, ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wurin zama?"

Muka ce, "Ta zauna a tabarmarmu!"

Ta ce wata tsohuwa ce a bakin gari, ita da kajinta da bunsurunta guda. Tana da dangar zana da mijinta ya kafa mata kafin ya rasu. Bunsurun nan ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ya riga hankalinsa tashi. Wata rana ya ga zana, ya ce ai ciyawa ce, ya ci, ya ci, har ya yi ƙofa. Da dare dila ya gani, ya shigo ya ɗauke kaza. Mutanen gari suka ce a yanka bunsuru. Tsohuwa ba ta yanka shi ba, ba ta doke shi ba, ta dai daina kiransa in ta dama dusa. Wannan ya fi masa sanda ciwo.

Bunsuru ya tafi gidan maƙeri ya jawo ƙaton ƙyauren ƙarfe ya jingina a wurin. Danga ta yi ƙara, ta ce ɗauke, ɗauke, za ka karya ni. Ya gangaro da dutse, danga ta ce wannan ma ya fi ƙarfina. Ya zauna a bakin rafi yana kuka, sai ga kunkuru.

Nan Kaka ta shaƙe murya ta zama kunkuru. "Kai mai gemu, ɓarakar nan yaya girmanta?"

Ta sake murya ta zama bunsuru. "Daidai ni."

"To, daidai kai, me kake nema a gidan maƙeri?"

Bunsuru ya koma ya kwanta a cikin ɓarakar, ya cika ta cif. Sanyi ya dake shi, sauro ya ci rabonsa, yana ta waƙa, mu kuma muna amshi da tafi:

"Me-e-e, ni na ci, ni na ci,
Inda na ci, nan zan kwana."

Dila ya zo ya tarar hanya a toshe, haushi ya kama shi, ya gatsa wutsiyar bunsuru ya guntule ta. Bunsuru bai motsa ba. Da asuba tsohuwa ta fito ta gan shi yana rawar ɗari. Ta ɗauko aska ta aske gashin bayansa, ta tufka igiya da shi, ta ɗaure dangarta, ta dama masa dusa da ɗumi. Gemun kawai ta bar masa, don kada ya ji kunya a cikin awaki. Shi ya sa har yau wutsiyarsa guntuwa ce, gemun kuwa yana nan.

"Ta ƙare ƙurunƙus, mai jin barci ya nemi tabarmarsa."

Ba wanda ya tashi. Wani ɗan Mosi a cikinmu ya waiga zaure ya dubi gemun Baba Sule, sai dariya ta ƙwace masa, muka fashe gaba ɗaya. Baba Sule ya shige ɗaki. Na ɗauka fushi ya yi. Can sai ga shi da shuɗiyar rigar nan a ninke. Ya durƙusa ya ajiye a ƙafarta.

"Inna, wannan ta sha wanki."

Kaka ta ɗaga ta, ta murza, ta ja ta tsaye ta ja ta kwance. Ta ce, "Uwata, miƙo almakashi." Ta juya rigar ta yanko daga baya, wajen ƙasa, faɗin faifai har da ɗoriya. Na ga ya runtse ido da almakashin ya kama.

Washegari da rana ta yi aikin, ina gefenta. Ta gyare ruɓaɓɓen gefen saƙin, abin da ya saura kamar rabin wata. Ta shimfiɗa ƙyallen rigar a ƙasa, ta daidaita zarensa da na saƙin, tsaye da tsaye, don kada su yi ta jan juna. Ta ɗora saƙin a kai, ta kalmashe bakinsa, ta bi da ɗinki ƙanana-ƙanana, sannan ta mayar da filin mazauninsa. Da ta gama ta shafa shi, ta ce, "Ga ki nan kin hau bayan jikanki. Ba ki gan shi ba, amma ya goya ki." Na yi zaton da ni take, ashe da mai zanen take.

Rigar ma ba ta bar ta da rami ba. Atamfar nan da ya sayo ta yanka ta yi mata faci. Ranar tafiya Baba Sule ya durƙusa, ta dafa kansa ta daɗe tana addu'a, ta ƙare da "Allah ya kai ka, ya dawo mana da kai, Auta." Ya miƙe ya nufi tasha da jan fure ɓaro-ɓaro a bayansa, 'yan goro suna yi masa kirari. Bai cire ba, ya je ya dawo da ita.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar horo ce, wanda ya ɓata shi zai biya. Sai da na haifi nawa, suka girma, suka fara ɓata mini rai suna aiko da kaya a madadin su zo da kansu, na gane abin da Kaka ta yi. Ta san saƙin ba zai dawo ba. Ɗanta take ceto. Da ta ce ta yafe da fatar baki, da ya hau lori da nauyin a ƙirjinsa. Sai ta nuna masa abin da zai iya bayarwa wanda zai yi masa ciwo, ta karɓa, magana ta mutu. Ban taɓa jin ta sake tayar da ita ba har ta rasu.

Mayafin ya bi ni ɗakina, ya rufe 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Saƙin kuwa duk wanki sai ya ragu, duk yadda na lallaɓa. Wata rana na shanya, na duba, babu ko zare ɗaya, sai shuɗin rigar da sawun ɗinkin Kaka a kewaye. Na zauna na yi kuka sosai. A haka Baba Sule ya shigo ya same ni, ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Na nuna masa, na ce ko in nemi wani baƙin ƙyalle in rufe wurin.

Ya sa hannu ya bi sawun ɗinkin da yatsa. Sannan ya ce, "A'a, Uwata, bar shi haka. Ita ta ajiye ni a nan, ba ta kuma ce in tashi ba."