Tsumman da Na Binne a Bayan Gida

Iya Kande, kakata ta wajen uba, ba ta fara tatsuniya sai ta buga tafin hannunta a ƙasa sau biyu. "Ku yi shiru," sai ta ce, "na ƙasa ma suna ji." Mu shida ne jikokinta a gidan, a wani ƙauye na ƙasar Kazaure. In an gama girbi sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai mu cika ɗakinta, mu kewaye 'yar wutar da take hurawa da ƙirare. Ƙirare kawai. Ba ta yarda a ƙona karan dawa ko da haƙoranmu na karo. Kara, in ji ta, abincin wasu ne. Ni ce mai zama kusa da ƙafarta, don ni ce ba na gyangyaɗi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin man shanu da hayaƙi a jikin zanenta.

Yanzu ga ni can ƙasar Turawa, a McLeansville, gabas da birnin Greensboro, a gidan ɗana, Baban Amira. Ƙarfe bakwai na safe motoci biyu sun fita, shi wurin aikinsa a Wendover, matarsa nata aikin, Amira makaranta. Daga nan sai ni da firij mai gurnani. Gidaje a warwatse, ba mai sallama, ba mai shigowa ɗiban wuta. A cikin wannan shirun ne tatsuniyoyin Iya suka riƙa dawo mini, musamman guda ɗaya.

Wai an yi wani manomi mai tsabta. Kullum sai ya share gonarsa da tsintsiya kamar tsakar ɗaki. Kara ya tara ya ƙone, ganye ya kwashe, in ya ga shuri ya zuba masa tafasasshen ruwa, in akuya ta yi kashi ya bi ta da kasko. Sai mutanen ƙarƙashin gonar suka yi taro: tana, da gara, da buzuzu, da wasu ƙanana da ido ba ya gani. A nan Iya takan rage murya. "Su ne suka fi yawa, kuma su ne masu girki. Sauran 'yan kawo cefane ne." Suka ce yunwa ta ishe su. Suka ɗaure kaya suka koma gonar wata gwauruwa da ake yi wa dariya saboda ƙazantar gonarta.

Damina ta zo. Gonar mai tsabta ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ya sauka ya wuce bai ko gaishe ta ba. Geronsa ya tsaya iya gwiwa, na gwauruwa kuwa ya rufe mutum. Da yunwa ta kori kunya, ya je ya tambaye ta asirinta. Ta yagi gefen zanenta ta miƙa masa. "Je ka binne, ka ba shi kwana arba'in. In ka tono shi lafiya lau, to ba kowa a gidan." Ya tono shi kamar jiya aka saƙa. Ya bi rami-rami yana ba da haƙuri, sai wata tsohuwar gara da ta kasa tafiya ta leƙo ta ce, "Malam, mu ba mu da kunne. Baki gare mu." Shekara uku yana kai musu abinci, juji da toka da kashin shanu, kafin ya binne tsumma ya tono zare.

Na taɓa ce mata, "Iya, in ba su da kunne, ta yaya kike cewa suna ji?" Ta sakar mini ranƙwashi. "Da ciki suke ji, sarkin tambaya." Sannan ta shafa ƙasa ta ce, "Na mayar da tatsuniyar inda na tono ta. Ku tashi."

Ina budurwa aka fara kawo mana takin zamani. Ba zan yi ƙarya ba, shekarun farko rumbun Baba ya cika. Iya ta ɗiba da yatsu biyu, ta shinshina, ta kakkaɓe. "Wannan shuka yake ciyarwa. Masu girki fa, wa zai ba su?" Ba ta yi gardama da ɗanta ba, amma ba ta bari ko ƙwaya ɗaya ta faɗa garkar kuɓewarta da ke bayan gida ba. Wata gajeriyar kuɓewa ce mai jan kara, mai yauƙin da guda huɗu kan isa tukunya. Da ta rasu, ni na riƙe irin. Kowace damina in shuka, in bar na ƙarshe su bushe a jikin kara. Yanzu an sayar da gonar, an yi gidaje a kai, kuma a danginmu ba wanda ya ajiye. Abin da na zo da shi a 'yar kwalbar turare shi ne duka.

Shekarata ta farko a nan na ce a ba ni wuri a bayan gida. Ciyawar wurin kore shar, tsayinta ɗaya, kamar darduma. Wasu mutane kan zo da mota su fesa mata magani, su kafa 'yar tuta su tafi. Na tsuguna na duba, ko tururuwa babu. Baban Amira ya sare mini wani ɓangare, sai ga jar ƙasa mai danƙo kamar ta ginin tukunya. Ya kawo farin taki a buhu mai rubutun Turanci.

"Mama, wannan shi ne best. Da kin zuba shi ke nan."

Ban iya karanta buhun ba, kuma baƙuwa ce ni, sai na bi shi. Na shuka rabin kwalbar. Aka yi ruwa, rana ta fito, ƙasar ta daskare ta tsage. 'Yan da suka tsiro suka yi rawaya suka kwanta. Ban yi kuka ba. Na dai rufe kwalbar, na ce daga yau ba mai sake fesa komai daga jikin shingen nan zuwa bishiyar can.

"Wurin nan ba kowa," na ce masa. "Ba tana, ba gara."

"Gara? Mama, a nan gara gida take ci! Katako ne fa!"

"To ka ba ta abinci a waje mana, ta bar maka gidanka."

Da ganye ya fara zuba, na ga maƙwabta suna cusa shi a buhuna suna ajiyewa a bakin titi. Abinci ne fa suke zubarwa. Na riƙa jan buhunan ɗaya-ɗaya zuwa bayan gida. Matar ɗana ta ji kunya, ni ban ji ba. Wani tsohon Bature mai doki biyu a tsallaken titi ya daɗe yana kallona. Wata rana ya turo baro cike da kashin doki ya juye a bakin shingenmu, ya taɓa hularsa ya juya. Har yau ba mu taɓa musayar kalma ba. Ɓawon doya, ɓawon ƙwai, ruwan wankin shinkafa, duk can nake kaiwa. Ban bar ƙasar tsirara ba ko a lokacin ƙanƙara.

Da bazara ta zo na yagi gefen wani zane da aka ba ni a wurin suna, na binne. Kwana arba'in ina ƙirgawa da ƙwayar wake a kofi. Na tono shi lafiya lau, har furannin jikinsa suna sheƙi. Na mayar da kwalbar cikin akwati. Wake da gyaɗa na kanti na shuka a wannan shekarar, na bar harawarsu ta ruɓe a wurin.

Shekara ta uku na sake yagar zanen na binne tun sanyi bai gama tafiya ba. A lokacin ƙasar ta fara duhu, ina ganin tana jefi-jefi. Amma Iya ba ta ce a ƙirga tana ba, tsumma ta ce. Na tono, ga shi nan yadda na sa shi. Ranar na daɗe a tsugune.

"Mama, irin nan zai yi expire a kwalba," in ji Baban Amira. "Shekara uku ke nan. In ba za ki shuka ba, bari in mayar da ciyawa."

Ya yi gaskiya a kan irin, na sani. Iri yana tsufa kamar mutum. In na shuka a matacciyar ƙasa na kashe shi, in na ajiye ma na kashe shi.

Sai ga Hajiya Fati, wata 'yar zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci, mai sayar da atamfa a ɗakinta can Gate City. Ta zo gaishe ni, ta ga tsumman a rataye jikin shinge. Na ba ta labari tun daga mai tsabta har zuwa gara. Ta murza shi da yatsu, sai ta fashe da dariya har tana riƙe shinge.

"Ei, Hajiya! Wannan kika ba su? Kawo ashana."

Ta kunna a bakin zaren. Bai ci wuta kamar auduga ba, sai ya narke ya dunƙule, yana warin leda.

"Roba ne paa, roba zalla. Ko shekara ɗari ya yi a ƙasa ba abin da zai taɓa shi. Kin kira baƙi kin ɗora musu silifas a faranti, kin ce ba su da ci."

"A zamanin Iya zane zane ne," na ce.

"A zamanin Iya. Yanzu sai kin tambayi irina."

Da ta tafi na zazzage akwatina. Na bi kayan da ashana ɗaya bayan ɗaya, bakin zare kaɗan-kaɗan. Wannan ya narke, wancan ya narke. Abu ɗaya ne na tabbata auduga ce tsantsa, yana can ƙasan akwatin a naɗe: farin alawayyon da na saya tun kafin in hau jirgi, likkafanina. Tun da na zo nake gaya wa Baban Amira, in ta Allah ta kasance, ya naɗe ni a ciki ya mayar da ni gida. Ban yarda da ƙasar nan ba.

Na yi bisimilla na yagi faɗin tafin hannu daga gefensa. Na binne inda na binne na baya, na buga ƙasa sau biyu.

Ranar arba'in zafi ya riga ya shigo. Ba kowa a gida. Na sa hannu, ƙasar ta buɗe ba gardama, da ɗumi, da ƙanshin farkon damina. Na laluba na rasa. Sai da na baza ta a tafina na ga 'yan zarurruka, launin ƙasa, da wani farin saƙa-saƙa kamar yanar gizo yana bin ruɓaɓɓen ganye. Masu girki sun zo. Wataƙila tun bara suna nan, ni ce nake ta yi musu ƙazafi.

Na juye kwalbar kaf a ranar. Tara suka tsiro. Bakwai suka yi jan kara.

Da yamma nakan ɗauki kujera in zauna a bakinsu har a kira magariba a wayar Baban Amira. Na gwada yi wa Amira tatsuniyar, ta saurara da ladabi, ta amsa da Turanci, ta koma ɗaki. Ban ga laifinta ba. Ba wuta, ba sanyin da zai matso da ita jikina. Ina yarinya na ɗauka Iya gona take koya mana. Yanzu da na zauna shekara uku a gidan da ake sharewa kullum ba mai shigowa, ina ganin ta san abin da ya fi haka: wuri ba ya zama gida don an ba shi haƙuri ko an yi masa tsabta, sai an daɗe ana kai masa abinci ba tare da an ga mai ci ba.

Kwalbar ta sake cika a kakar nan. Likkafanin kuwa ya ragu da tafin hannu, amma ni ma na ragu, zai isa. Ranar da muka ci miyar farko, na jira Baban Amira ya suɗe hannu, sannan na ce masa ya bar zancen jirgin mayar da gawata gida. Ƙasar ta riga ta ɗanɗana, ba ta ƙi ba.