Hedimastan da Tsuntsu Ke Buga wa Ƙararrawa

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Malam Bukar makwancinsa a Gashua, Allah Ya jiƙansa. Na saba idan lokacin ya zagayo in yi masa addu'a, in ba da sadaka, in koma rumfata ta hatsi a kasuwa. Bana abin ya ƙi. Na kasa zaune na kasa tsaye, domin maiɗakina tana jiran amsa daga bakina kan karatun autarmu kafin a koma makaranta, kuma duk inda na juya da maganar sai in yi kiciɓis da yayan nawa.

Ya Bukar, kamar yadda muke kiransa a gida, hedimasta ne a wata firamaren gwamnati da ke gefen gari, ta wajen kogi. A zamaninsa makarantar ta kowa ce. Benci ɗaya za ka ga ɗan ma'aikacin asibiti da ɗan dillalin kifi da ɗan Bade manomin shinkafa, ga Barebari, ga Fulanin da suka sauka kusa. Wani yaron ma sai ya shiga aji ɗaya yake fara jin Hausa sosai.

Duk wanda ya san yankinmu, daga Gashua har Nguru, ya san jan baki, tsuntsayen nan da ke kwana cikin ciyawar kacalla, su taso da safe kamar hayaƙi su sauka a gona. Idan shinkafa da gero suka fara nuna, manomi ba shi da masu gadin da suka wuce 'ya'yansa. Tun asuba yara suna gona da gwangwani da majajjawa suna ihu. Abin takaici, hakan yana faɗawa daidai farkon shekarar karatu. Yaro zai yi makonni bai leƙa aji ba, jarrabawa ta zo ya kwashi na ƙarshe, malamai kuma su ce ai 'ya'yan fadama ba su da kai.

Babu maganar da ke ɓata wa Ya Bukar rai irin wannan. Bai tsaya rigima da iyaye ba, don ya san wanda ya bar gona ranar tsuntsu ba zai ci tuwo ba a shekarar. Sai ya lura cewa jan baki yana cin safe yana cin yamma, amma rana na takewa yake komawa inuwa. Shi ke nan ya buɗe ajin tsakar rana, shi da malamai biyu da suka yarda su tsaya. Yara su zo da taɓo a ƙafa, murya duk ta dishe, a koya musu abin da aka yi da safe, kafin la'asar su koma gona.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Ya Bukar, yanzu tsuntsu ne yake buga maka ƙararrawa?"

Ya ce, "Ai duk garin nan ba wanda ya kai shi kiyaye lokaci, har da kai."

Ba zan ce duk yaran nan sun zama likitoci ba. Amma na ga wasunsu sun hau saman aji, na ga sun wuce sakandare, kuma malamai suka daina waccan magana, aƙalla a gabansa.

Da zai dawo yau, ban san me zai ce ba. Masu hali sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Waɗanda suka rage galibi 'ya'yan manoma ne da masunta, sai na mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu. Wato irin yaran da ya buɗe wa ajin tsakar rana su ne makarantar yanzu, ajin kuwa ya mutu tare da shi. Na je na sami hedimastan yanzu, mutumin kirki ne, ya ce, "Alhaji, malaman safe ma ba su ishe ni ba, wa zan tsayar da rana?" Na yi masa sallama, na fito raina a jagule.

Autarmu Yagana tana aji huɗu a makarantar. Mahaifiyarta so take a cire ta, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Baban Yagana, kowa ya ɗauke nasa. Mu kaɗai za mu bar tamu ta lalace don kunyar wanda ya rasu?" Maganar ta yi mini zafi, domin akwai gaskiya a ciki. Ina tsoron yarinyar nan ta gama firamare ba ta iya karanta shafi guda ba tare da gargada ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bara. Ƙarshen zangon farko Yagana ta zo ta ɗaya. Na sayi tsire na kai gida, ina ta sa mata albarka. Ta karɓa ba ta ko yi murmushi ba. Na tambaye ta ko lafiya, sai ta ce, "Baba, Zainabu ta fi ni. Da ba korar tsuntsu ta tafi ba, ba ni zan zo ta ɗaya ba." Zainabu ita ce abokiyar zamanta a benci, 'yar wani manomi da nake sayen shinkafa a hannunsa. Shinkafar da ke rumfata, ihun Zainabu ne ya tsare ta.

Ya Bukar bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Abin da ya bari shi ne wannan rashin natsuwar da ke hana ni yarda cewa yaron da ya zo na ƙarshe daƙiƙi ne, sai na tambayi inda yake lokacin da ake karatun.

Jiya na ba maiɗakina amsa. Yagana za ta zauna, shekara guda, mu gani. Maiɗakin nawa ba ta ji daɗi ba, ni ma ban tabbatar na yi daidai ba. Malaman nan biyu da suka tsaya da Ya Bukar, ɗaya ya rasu, ɗayan ya yi ritaya yana nan a unguwarmu. Na je gidansa na roƙe shi ya zauna da yaran da tsakar rana, ni zan kawo tabarmi da alli, ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani. Na ce masa, "Yi sauri, Malam, shinkafa ta fara fitar da kai."