Rumbun da Ke da Ƙofarsa

Shekarar da soja suka mayar wa farar hula mulki, gidanmu na Jakara babu natsuwa. Maza na zaure suna gardamar jam'iyya, rediyo ba ya shiru. Iya, kakata, ba ruwanta da wannan. Da an idar da Magariba sai ta jawo kujerarta bakin murhu ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya ta taso." Mu ce ta iso. Ni ban iya zama wuri guda ba, sai ta danne min ƙafa da muciya.

Kawu Sani ne ya ɗauki muryarta a kaset, da rikodar da ya zo da ita daga Makka. Ranar da ya ɗauka, ta ba mu labarin garin da duk rumbunansa ke bayan zaure ɗaya. Mai son hatsinsa sai ya fara ambaton zauren, sannan ya faɗa wa mai gadi sunan rumbunsa. Wata tsohuwa ta ƙi. Ta fasa wa nata ƙofa ta waje, ta koya wa 'ya'yanta su fara da sunan rumbun. Aka yi ta yi mata dariya. Da yunwa ta zo, jama'a suka yi cincirindo har zaure ya rufta. "Hatsi na nan," in ji Iya tana zungurar wuta, "hanya ce babu."

Kaset ɗin ya tsufa a hannuna. Autata Rabi, mai aikin kwamfuta, ta kwashe muryar ta zuba a ma'ajiyar intanet, cikin abin da suke kira bokiti, ta sa masa sunan Iya. Bayan nan zaren kaset ya tsinke, ban damu ba. Kwanaki na ce ta kunna min. Ta danna adireshin bokitin, ya ƙi buɗewa. Ta sake. Shiru.

Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

"Rabi, kin zubar min da Iya?"

"Umma, ki zauna mana. Tsohon adireshi ne, sunan masu ma'ajiyar a gaba, bokitinmu a baya. Sun daina karɓar irinsa. Yanzu da sunan bokiti ake farawa."

"Wato zaure ya rufta."

"Wane zaure kuma?"

"Ke dai juya shi."

Ta juya. Sai ga tarin Iya, ga ƙarar itace a wuta, ga ta tana daka min tsawa: "Hauwa, zauna!" Na zauna.

Ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba a adireshin nan. Ina yarinya na ɗauka rowa ce ta sa tsohuwar nan fasa ƙofa. Ashe tsoro ne, irin wanda na ji ranar. Yanzu duk Juma'a sai na sa Rabi ta karanta min adireshin da ƙarfi, in ji sunan Iya a gaba, sannan ta kunna. Tana ƙorafi. Ta yi ta yi.