Malam Lamidi da Gonar Goggo Hansai

Na fara jin sunan Malam Lamidi ne a bakin Goggo Hansai, ƙanwar babana, tana yi masa addu'a bayan la'asar. Na ɗauka malaminta ne. Ashe akawu ne a wani ofishin aikin gona, Bayarabe haifaffen Funtuwa.

A 1978 mijin Goggo ya rasu a Maska. Gonar audugarta gadon ubanta ce, amma ofishin na da rassa uku, kowanne da yadda yake rubuta manomi. Masu iri maigida suke rubutawa, wato mamacin. Masu awo sunan unguwa kawai. Masu taki kuwa wanda ya zo ɗauka, wato Rabe, ƙanen mijin, da take aika. Sunanta babu ko'ina. Da wannan hujja Rabe ya tashi karɓe gonar, ga damina ta kawo kai.

Lamidi ya daɗe yana roƙon a bi ƙa'ida ɗaya: kowace gona da lambarta da katinta, rassan uku su rubuta abu guda, mai gona daban, ɗan aike daban. Dariya ake masa.

Ranar zama gaban dagaci, Rabe ya miƙa takardar taki.

"Ga sunana, shekara uku."

Lamidi ya zo zaman, ya buɗe littafin masu taki da ya ɗauko daga ofis ba da izini ba.

"Malam Rabe, ga sunanka a gonar Maitama ma. Ita ma taka ce?"

"Ɗauko masa na yi."

"To, ɗauka ba ta ba ka tasa ba, yaya za ta ba ka ta Hansai?"

"Kai ɗan akawu, me ka sani a gona?"

"Fartanya kam ban iya ba. Amma ƙa'ida in ta hau ɗaya, ta hau duka."

Maitama, wani manomi da ke zaune a wurin, ya ce, "In da ɗauka ake mallaka, Rabe, ai jakinka ya fi ka gona."

Dagaci bai yi dariya ba. Ya kira maƙwabtan gonar, suka shaida. Goggo ta shuka audugarta. Lamidi kuwa, saboda littafin nan, aka mai da shi aikin sito a Matazu. Kafin ya tafi ya rubuta wa Goggo katin gonarta da hannunsa.

Da na gama sakandare a 1985 na je gaishe shi. Ya ce, "'Yata, Goggonki ba ta yi boko ba. Riƙe mata katin nan. Kowace shekara kafin ruwan fari, ki bi rassan ukun, ki duba sunanta ne a ciki."