Ranar da Na Ga Leshina a Jikin Tumatir

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun shige mini duhu, har sunayen wasu da muka yi sakandare tare sun ɓace mini. Amma tafiyar da muka yi wata Laraba a ƙarshen damina don duba jami'ar da 'yata ta biyu take so, ita kam tana nan daram a raina, kuma na san ba za ta fita ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido.

Yarinyar nan Allah ya ba ta gurbi a wuri biyu. Ɗaya a nan cikin Kano, tafiyar minti ashirin daga gidanmu a Nassarawa, sai dai sun ba ta karatun harkar mulki, abin da ba ta nema ba. Ɗayan kuwa a wani ƙaramin gari ne, tafiyar awa uku, garin da ba shi da wani abin ji sai jami'ar da kasuwar mako, kuma can ne aka ba ta ilimin noma da take so. Tun tana 'yar firamare take bin mai ban-ruwan fulawarmu, tana shuka wake da barkono a gwangwanin madara, in ɗaya ya bushe ta wuni ba ta ci abinci ba.

Alhaji, mahaifinta, bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi. Ya ji cewa ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, kuma shi ba zai bar 'yarsa a ɗakin haya ba. In an samu gidan mutunci da za a ba da amanarta, to. In ba a samu ba, ta haƙura ta yi na Kano. Juma'a ce ranar ƙarshe ta karɓar gurbin. Shi bai samu zuwa ba, sai ya haɗa ni da yayarsa, gwaggon yara, ya ce abin da Yaya ta gani shi ne.

Yaya kuwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, irin matan unguwarmu ce da ba sa auna komai sai da abin da za su faɗa a gidan biki. Makaranta, asibiti, miji, har masallacin da ake zuwa tarawihi, duk ma'auninsu ɗaya ne: in an ambace shi a gaban mata, za a ɗaga gira ko za a taɓe baki? Tun da ta ji maganar take cewa, in aka tambaye ta ina 'yar ƙanenta take karatu, ta ce me, ta ce tana ƙauye tana koyon riƙe fartanya? Ga jami'a a gari, direba ya kai ta ya ɗauko ta, a gan ta, a san da ita, manema su san ƙofar da za su bi. Wai ita ke nan mai hangen nesa. Ta manta mahaifinsu a bayan motar gyaɗa ya shigo Kano, abin da kowa a dangi ya sani, amma ba mai ambata.

Ba zan wanke kaina ba. Ni ma Kanon nake so. Rabi don in riƙa jin muryarta tana karatun Alƙur'ani bayan asuba, rabi kuma, in zan faɗi gaskiya, ni ma ina da matan da nake jin nauyin bakinsu.

Da sassafe Yaya ta iso kamar mai tafiya yaƙi: katan ɗin ruwan roba, kuloli uku na abinci, maganin sauro, da ƙatuwar jaka ta kwancen kaya. Al'adarmu ce a unguwar nan, ba a zuwa ƙauye da bayan mota fayau, sai an kwashe tsofaffin kayan da suka cika durowa an kai, a dawo ana jin an yi aikin lada. Ni ma duk Sallah sai na cika jaka na miƙa wa direbanmu, in ce, ka kai wa mutanenku. Ban taɓa tambayar su waye mutanen ba.

Tun daga fitarmu gari Yaya ta buɗe baki. Ta ga jaki ta ce ga motar ɗalibai nan. Ta ga mata a bakin rijiya ta ce wa yarinyar ta duba da kyau, ga inda za ta riƙa wanka. Ta ce mutanen irin waɗannan garuruwa ba su san komai ba sai tuwon dawa da haihuwa. Direban yana gaba yana tuƙinsa. Shekara goma sha huɗu yana tare da mu, kuma mun saba magana a gabansa kamar yadda ake magana a gaban kujera. Abin da na lura da shi kawai, bai tambayi kowa hanya ba. Da muka shiga garin kuma sai na ga yana ɗaga hannu, masu shaguna suna ɗago masa, wani mai faci har ya miƙe tsaye. Na tambayi 'yata a hankali ko ya taɓa zuwa ne.

Ta ce, "Umma, ai garinsu ne. Shi ya fara ba ni labarin makarantar."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Yaya kuwa ko a jikinta, cewa ta yi ai shi ya sa ya gudo birni.

Jami'ar ta ba ni mamaki, ko da yake ban nuna ba. Fili ne iya ganinka, kore shar, ga gonakin gwaji an kafa wa kowace allo, ga 'yan mata da hijabansu suna tafe a ƙasa da littattafai, ba hayaniya, ba hon ɗin mota. Yaya ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ta gani shi ne shanu a bayan katanga, da wayarta da ta ƙi kama sabis, tana ɗaga ta sama tana juyi kamar mai neman wata. Malamar da ke kula da ɗalibai mata ta tabbatar mana ɗakuna sun cika. Ta ce gida ɗaya ne a cikin gari da za ta iya tsaya mana a kansa, gidan wata dattijuwa da ke riƙe 'yan mata kaɗan, amma fa ba kowa take karɓa ba. Tana cikin yi mana kwatance ta hango direbanmu ta taga, sai ta yi dariya ta ce ai ba ma buƙatar kwatance, ga ɗan gidan nan mun zo da shi.

Gidan ƙasa ne da aka shafe da siminti, tsakar gidan a share tas, takalman 'yan mata jere a ƙofar ɗakuna. Inna, kamar yadda kowa ke kiranta, 'yar ƙaramar tsohuwa ce da carbi a hannu. Ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma, ta kawo ruwan randa a kwanon sha, ta biyo da fura a ƙwarya. Yaya ta zaro hankici ta shimfiɗa a kan tabarmar kafin ta zauna. Ta ture kwanon da bayan hannu, ta ce mun zo da namu, ta fasa robarta ta sha. Ni na ɗauki kwanon har na kai kusa da baki, sai ta watso mini harara, na ajiye. Wannan ajiyewar har yau ina istigfari a kanta.

Bai ishe ta ba. Ta ɗaga murya ta ce, kai direba, ɗauko jakar nan. A gidan uwarsa, a gaban uwarsa, mutum mai furfura a gemu. Ya ɗauko ya ajiye. Ta tura wa Inna da ƙafa, ta ce a rarraba, da sauran ƙwarinsu, wasu ma sau ɗaya aka sa. Inna ta dubi jakar, ta yi godiya, ta ce wa ɗanta ya kai bayan gida wajen lambu. Na yi mamakin lambu, amma ban tambaya ba.

Da aka kira azahar na ɗauki buta na zagaya baya. Nan na tarar da lambu mai kyau, layi-layi na tumatir, kowane an kafa masa kara an ɗaure shi da tsumma. 'Yata tana tsugune a ciki da wasu 'yan mata biyu, har ta naɗe hannun riga, tana magana da sauri kamar ta shekara da saninsu. Sai idona ya tsaya a kan tsumman da ke kusa da ni. Shuɗi ne mai duwatsu. Na matsa na taɓa. Leshina ne, wanda na sa a bikin ƙanena, wanda na ba da shekara biyu da suka wuce ina jin na yi babbar kyauta. Na bi layin da kallo, ga atamfata, ga wani mayafina, duk an yayyanka su siri-siri suna riƙe da tumatir.

Ban ji zuwan Inna ba sai muryarta. Ta ce kada raina ya ɓaci, kayan da suka sawu sun ba mabuƙata, amma irin wannan ba mai iya sawa a nan, ga nauyi ga ƙaiƙayi. Yaran da ke karatun noma ne suka gano ba ya ruɓewa da ruwan sama, shi ya sa suke ɗauri da shi. Ɗanta ne ya hana a faɗa mini. Sannan ta tambaye ni ko tumatirin yana isowa lafiya, don tana zaɓar masu ƙwari saboda hanya.

Sai a lokacin na tuna. Duk shekara direban nan yakan dawo daga gida da kwandon tumatir da ƙullin busasshiyar kuɓewa, ya ajiye a ƙofar falo. Ni kuma in ce a kai kicin. Ban taɓa tambayar wa ya aiko ba, balle in ce a gaishe ta. Ashe ni nake aika abin da na gaji da shi, ita tana aiko mini da zaɓaɓɓen abin da ta noma, kuma ni ce nake ganin kaina mai kyauta.

Na kawo mata maganar da ta kawo mu. Ta ja carbinta, sannan ta ce, "Hajiya, yarinyar ta kwanta mini. Amma ni wanda bai sha ruwan gidana ba, ba na karɓar amanar 'yarsa. Ruwan nan shi za ta sha shekara biyar. In bai yi muku ba, ku tafi da abarku."

Na dubi 'yata. Ta ji komai, ta sunkuyar da kai tana murza ganyen tumatir, ba ta roƙe ni ba. Da ma ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Na yi alwala, na yi sallah, na koma kan tabarma. Yaya ta riga ta rataya jakar hannunta tana cewa ta ga abin da ta zo gani. Na jawo kwanon nan na yi bisimilla na shanye, ruwa mai sanyi da ƙamshin randa. Na jawo ƙwaryar furar na kama ludayi. Yaya ta ce, "Lallai yau a asibiti za ki kwana." Na ce in Allah ya ƙaddara, na ci gaba da sha har na ga ƙasan ƙwarya. Sannan na durƙusa na roƙi Inna gafara, na juya na roƙi ɗanta, na kira shi Malam, abin da ban taɓa yi ba. Ya rasa inda zai sa kansa, ya fita zaure. Inna ta kira yarinyar ta zaunar da ita, ta faɗa mata dokokin gidan: kafin magariba kowa yana ciki, ba a tsallake sallah, ranar girkinki ko jarrabawa gare ki sai kin yi. Yarinyar ta amsa duka, tana murmushi tana share hawaye.

Washegari da safe Yaya ta zo ta ba Alhaji rahoto: shanu, sauro, gidan ƙasa, waya ba sabis, ga uwa uba gidan uwar direba. Ta ce a ce 'yar gidan nan tana zaman gidan uwar yaron gidansu, ina za a sa fuska? Shekara ashirin da wani abu ina gidan nan ban taɓa musa mata a gabansa ba. Ran nan na ce, Alhaji, ni ma na je, kuma ni na haife ta. Na faɗa masa komai, har leshin, har ruwan da na ajiye. Sai ya sa aka kira direban, ya nuna masa kujera, ya tambaye shi tsakaninsa da Allah, in shi ne, zai iya ajiye 'yar cikinsa a gidan? Ya ce, "Alhaji, ai 'ya'yana biyu suna can." Alhaji ya ce wa yarinyar ta je ta karɓi gurbinta.

Yaya ba ta sake taka gidanmu ba sai babbar Sallah. Yanzu kuwa da yarinyar ta gama, take aiki da manoma, ita ce kan gaba a gidan biki tana cewa 'yarmu masaniyar tsirrai ce, mu muka kai ta da kanmu. Har aike take yi a kawo mata tumatirin can, wai ya fi na kasuwa lafiya. Ina jin ta, sai dai in kalli leshin da ke jikinta in tuna inda zai ƙare.

Abin da na koya shi ne, mun tafi auna gari da makaranta, ashe mu ake aunawa, kuma da kwanon ruwa ɗaya aka kusa mayar da 'yata gida da burinta a hannu. Tun daga ranar, duk wanda ke aiki a gidana na san garinsu, na san sunan mahaifiyarsa. In an kawo kwando ina tambayar wa ya aiko. In kuma na shiga gidan mutane aka miƙo mini ruwa, ko a gwangwani ne, sai na sha kafin in buɗe baki in faɗi abin da ya kawo ni.