Kawu Sallau na Wajen Fada

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ofishin kago, wato na aika kaya, na Kawu Sallau a unguwar Al Ras ta Dubai ya san tarkon. Kana kurɓar farko zai gyara hula ya ce, "Sa'ad da nake wajen Fada..." Shi ke nan, ka kaɗe har la'asar.

Wani baƙon ɗan kasuwa daga Kano ya ji haka, sai ya zame daga kujera ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ashe bafade ne! Fadar Kano ko ta Zazzau?"

"Ta Glasgow," in ji Kawu. "Fada na coci, ɗan nan. Tashi kada ka ɓata wandonka."

Da ƙuruciya ya je karatu Scotland, mai gidan haya ya watso masa kaya waje ana tsakiyar sanyi. Fadan wani tsohon cocin Katolika ya tsince shi, ya ba shi ɗaki kusa da tukunyar ɗumama ginin. Tun daga nan Kawu ya haddace tarihin cocin kamar na gidansu. Wai mutanen Ireland ne yunwa ta koro, suka zo suna dako a bakin teku, 'yan gari ba sa ko son ba su haya. In sun tashi aiki sai su ɗebo duwatsu, har suka tayar da ginin. A jefe musu tagogi, su sake sawa. "'Yan ci-rani ne irinmu!" Haka yake faɗa yana dukan tebur, kofuna suna rawa.

Na taɓa kai shi ganin dogon benen nan da kowa ke ɗaukar hoto. Ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

"Wa ya ɗauko dutsensa bayan ya tashi aiki?"

"Kawu, ai injina ne."

"To yalla, mu tafi. Ba shi da labari."

Ku kuna dariya, ni kuwa hankalina ya tashi, domin magana ta fara yawo cewa Alhaji Sallau ya koma coci. Har ta kai Kano. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta kira ni tana kuka: "Ka ja masa kunne. Kada Yaya ya mutu a ƙasar mutane a rasa masu yi masa salla." Wannan tsoron ya zauna mini a ƙirji, wallahi ko abinci ba na jin daɗinsa.

Na same shi na ce, "Kawu, don Allah ka rage zancen cocin nan. Mutane suna magana."

"Mutanen sun taɓa ba ni bargo?"

"A'a, amma..."

"Khalas, magana ta ƙare. Zuba mini shayi."

Da azumi abin ya ƙara lalacewa. Muna buɗe-baki, sai Malam Habu, wanda ke ja mana salla, ya yi gyaran murya ya ce bai dace Musulmi ya riƙa yabon coci a gaban yara ba.

Kawu ya ce, "Malam, wa ke tashinka da asuba?"

"Wayata."

"Ni Fada ne. Da sandarsa yake buga mini ƙofa, yana cewa, Sallau tashi, Ubangijinka yana jira. Ranar da na makara har faɗa ya yi mini. Wayarka tana yi maka faɗa?"

Malam Habu ya ajiye dabinonsa ya fita. Na ce a raina, shi ke nan, limamin ma mun rasa shi.

Ga kuma gidansa na unguwar Muraqqabat, kullum kamar tashar mota. Wanda bizarsa ta ƙare, wanda ejan ya yaudara, duk Kawu zai shimfiɗa musu katifa. In na ce ai bai san su ba, sai ya harare ni. "Fada bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Cewa ya yi, ka ci abinci?"

Kawu ya rasu ranar aiki, ana zafin nan da ko kyanwa ba ta fita. A hanyar maƙabarta ina ta lissafin ko za mu cika sahu ɗaya. Muna isa na ga motocin ma'aikata daga unguwar masana'antu ta Dubai Investments Park, samari da kayan aiki a jikinsu, duk tsofaffin 'yan katifar Kawu. 'Yan kasuwar Al Ras sun rufe shaguna. A gaba kuma ga Malam Habu, idanunsa jajur.

Ya kama hannuna ya ce, "Ni zan ja sallar. Tun azumi nake shirya amsar da zan ba shi, ga shi ya gudu ya bar ni da ita."

Kafin a tayar, na kira mahaifiyata ta bidiyo, na juya wayar ta ga sahu har bakin ƙofa. Sai ta ce, "Alhamdulillahi." A nan ne na samu na yi kukana.

Ya Allah, ga baƙo nan ya iso ƙofarka. Ka buɗe masa, ka yi masa masauki mai sanyi, ka gafarta masa. Amin.