Waken Kubanich

Duk ranar Lahadi, kafin Kubanich ya ɗora ruwan shayi, sai ya sauko da gwangwanin farin waken da ake aiko masa daga garin Talas, ya girgiza shi kusa da kunne, sannan ya ajiye a tsakiyar tebur. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar bas a birnin Bishkek. Da ya ajiye aiki, sai ya zama mai jan labari a wasan da abokansa huɗu ke yi a kicin ɗinsa. Kowa na da jaruminsa a takarda, shi kuma yana faɗin abin da suka tarar a hanya, a jefa ɗan ludo a ga yadda za ta kaya. In an tashi, ya raba wake gwargwadon abin da kowa ya yi. Da waken ne jarumi ke ƙara ƙarfi.

Ermek, mai gyaran haƙori, amininsa ne tun suna makaranta, kuma jaruminsa ya shekara shida yana tara wake. Jipara tela kuwa, makwabciyarsu, wata biyu ke nan da zuwanta. Jarumarta ko takobin kirki ba ta da shi.

Wata Lahadi jarumin Ermek ya ci karo da 'yan fashi uku masu fama da yunwa, ya share su a jifa ɗaya. Ita ko jarumar Jipara dodon da ke tsare wata gada ta tarar. Ta ja shi nesa da ayarinsu, ta kwanta cikin ciyawa har ya gaji ya wuce.

Kubanich ya tura mata wake biyar. Ermek bai samu ko ɗaya ba.

"Kai direba, ka wuce tashata," in ji Ermek. "Littafin dokokin wasan ya ce kowane kai wake uku. Ita wa ta kashe? Sauro?"

"Ka ji tsoro da ka gan su?" in ji Kubanich.

"Tsoron me? Waɗannan ƙasusuwan?"

"To."

"Yaya Ermek, ɗebi biyu a nawa ka sa a miya," in ji Jipara tana dariya.

Ermek bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa. "Rubuta dokarka a takarda, in san abin da nake yi wa faɗa. Ran da ka gama, kira ni in dawo."

Kubanich ya sayi littafin rubutu mai koren bango. Rabin farko bai ba shi wuya ba: mai rauni in ya gamu da wanda ya fi ƙarfinsa, ko ya gudu, ko ya ɓuya, ko ya roƙa, ga rabonsa. Sauran rabin ne ya tsaya masa. Sukan haɗu da Ermek a kasuwa, su gaisa, su tambayi lafiyar gwiwa.

"Ka gama?"

"Saura kaɗan."

Kujerar Ermek ba wanda ya zauna a kai. Kubanich kan zuba shayi kofi biyar, ya mayar da ɗaya buta.

A lokacin sanyi na biyu ciwon zuciya ya ɗauke Kubanich. Bayan an yi addu'ar arba'in, Jipara ta kai wa Ermek littafin. Ya buɗe a tsaye a bakin ƙofa. A shafin ƙarshe an rubuta, "Idan mai ƙarfi ya tarar da mai rauni," an ja layi a ƙasa. Daga nan ba komai, sai ƙwayar wake ɗaya da ta maƙale a tsakanin shafukan.